Waƙar da na cire daga shirin gaishe-gaishe



Makon jiya wani yaro da ke koyon aiki a wurinmu ya tsare ni da tambaya. Yana dube-dube cikin kwamfutar studiyo sai ya ci karo da wata waƙa da na rubuta "kada a saka" a gaban sunanta. Ya sa a kunne ya saurara har ƙarshe, bai ji batsa ba, bai ji an zagi kowa ba, babu siyasa a ciki. Waƙar soyayya ce irin ta finafinan Kano, namiji da mace na amsa wa juna, da fiyano da ɗan kiɗa mai sanyi. Ya ce, "Yaya, me waƙar nan ta yi maka?" Na ce ba ta yi mini komai ba. Da na lissafa sai na ga a 2013 yaron nan bai wuce shekara bakwai ba, kuma da yawa cikin masu karanta shafin nan sa'o'insa ne. Shi ya sa na ga gara in rubuta amsar a nan kowa ya samu.

Ba zan kama sunan waƙar ba, ko na mai ita. Bawan Allah ya yi abinsa don samari da ƴan mata, ba na son a wayi gari an liƙa wa sunansa mutuwar mutum 92. Abin da ya kamata ku sani game da ita kaɗan ne. Macen za ta yi tafiya, namijin na roƙon ta faɗi ranar dawowa, yana kuma kwatanta kewarta da ƙishirwa. Kwatancen ba sabo ba ne, da wuya ka samu mawaƙin soyayya na Hausa da bai taɓa yin sa ba. A damina da kakar 2013 waƙar na tashe sosai. A shirin da nake gabatarwa da dare, in saƙo goma ya shigo to uku ko huɗu ita suke nema. Saurayi a Tsawni ya gai da budurwarsa a Dawce, ɗan kabu-kabu a Matamaye ya gai da matarsa da ta yi yaji ko Allah zai sa ta huce. Mu kanmu a studiyo mun gaji da ita, in ta fara sai mu rage sauti mu ci gaba da hirarmu.

Kafin in zo kan daren da abin ya juye, bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san ƙasar nan ba ba zai gane abin da zai sa mace mai goyo ta hau bayan mota ta nufi Sahara ba.

Gundumar Kance, wadda Matamaye ce fadarta, tana da komin tara, Dawce na cikinsu. A ƙidayar 2012 mutanenta sun kusa dubu 400, a kan ƙasar da ba ta kai murabba'in kilomita 2,500 ba. A Nijar, inda za ka yi tafiyar yini a arewa ba ka ga bukka ba, wannan cunkoso ne na gaske. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke raba ta, kuma ba a barin ta ta huta ko shekara ɗaya. Wanda Allah ya ba fadama yana da rake da kayan lambu, saura kuwa gero da dawa da wake ne, kuma a gida da yawa rumbu ba ya kaiwa wata huɗu. Don haka ci-rani a wurinmu ba baƙon abu ba ne. Iyayenmu da kakanninmu da an gama girbi sai su bi ta Ɗan Barto su shiga Daura, Kazaure, Kano, su yi ga-ruwa, dako, yankan farce, gadi, su dawo da faɗuwar ruwan farko. Mata ma na zuwa aikatau. Hanyar kudu ce hanyarmu, harshe ɗaya, dangi a kowane gari.

Sai abubuwa suka canza a cikin ƴan shekaru. Libiya, inda samarinmu da yawa ke aiki, ta wargaje a 2011, suka dawo hannu rabbana. Ranar 20 ga Janairun 2012 Boko Haram ta kai hari Kano, mutum fiye da 180 suka mutu, daga nan zaman baƙo mara takarda a birnin ya yi wuya, ga shingaye ga kame. A daidai wannan lokaci ne labarin Aljeriya ya bazu. Wata ta tafi da ƴaƴanta ta yi wata shida, ta dawo da katifa da barguna da wayar salula da kuɗin da mijinta bai taɓa riƙe irinsu ba. Ta yi wa ƴarta kayan ɗaki, ta sayi awaki, ta ɗora kwano a kan ɗakinta. Maƙwabciya na gani, kishiya na gani. Abin da ake yi a can kowa ya sani ko da ba a faɗi ba: bara ce a bakin masallatai da kan tituna, kuma yara ne ke jawo sadaka. Wasu da ƴaƴansu suka tafi, wasu da na aro. An sayar da dabbobi, an jinginar da gonaki don kuɗin mota. Ba na faɗin wannan don in tona wa kowa asiri, a danginmu ma akwai waɗanda suka je.

Hanyar doguwa ce. Daga Matamaye a shiga Damagaram, a bi ta Tanut zuwa Agadas, daga nan Arlit. Daga Arlit kuma sai masu fasa-ƙwaurin mutane, waɗanda ke kauce wa shingen Asamaka su yanki daji don kada jami'ai su gan su, har a kai Tamanrasat. Wannan kaucewar ita ce ajalin mutanenmu. A watan Oktoban 2013 motoci biyu suka bar Arlit ɗauke da mutum fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara daga wannan yanki namu. Mota ɗaya ta lalace. Ɗayar ta sauke mutanenta ta juya neman kayan gyara, ita ma ta mutu a hanya. Ruwan jarka ya ƙare. Da jira ya yi tsawo mutane suka watsu ƙungiya-ƙungiya suna neman rijiya. Mutum 21 ne suka tsira. An fara samun gawa biyar, sannan ranar Laraba 30 ga Oktoba masu aikin ceto da sojoji suka tarar da 87, ba nisa da iyakar Aljeriya. Jimilla 92: yara 52, mata 33, maza 7. Almustafa Alhasan, na ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit, yana cikin waɗanda suka yi aikin binnewa, kuma shi ya shaida wa manema labarai yadda suka same su, uwa da ƴaƴanta a wuri ɗaya, wasu yaran su kaɗai, har da allunan karatu a cikin kayan. A can aka yi musu salla, a can aka rufe su.

A farkon watan nan ne, ranar 3 ga Oktoba, jirgin ruwa ya nutse kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya da mutum fiye da 360, duniya duk ta ɗauka. Shi ya sa da namu ya faru, ƴan jaridar waje da yawa suka haɗa su wuri ɗaya, wai masu neman shiga Turai. Matan Kance ba Turai suka nufa ba. Yawancinsu ko teku ba su taɓa tunanin gani ba, niyyarsu su yi ƴan watanni su dawo kafin shuka.

Gwamnatin Shugaba Mahamadu Isufu ta sa makokin ƙasa na kwana uku daga Juma'a 1 ga Nuwamba, aka sassauto da tuta. Ku da kuka girma da rediyo kun san yadda makokin ƙasa yake a kunne. Ina ƙaramin yaro ranar 9 ga Afrilun 1999 da aka kashe Shugaba Bare Mainasara, abin da na riƙe shi ne yadda manya suka kewaye akwatin rediyo sun yi tsit, shirye-shiryen da aka saba duk sun ɓace. A wurinmu ma haka muka yi cikin kwana ukun nan: karatun Alƙur'ani, wa'azi, sanarwa, ta'aziyyar hukumomi da sarakuna. Babu kiɗa ko ɗaya. Mu nan ba a makoki da waƙa, kuma ban ce a fara ba.

Ranar da aka koma shirye-shirye na buɗe layi ina ɗari-ɗari. Kira na farko da na biyu gaisuwa ce kawai da addu'a. Can wajen tsakiyar shiri wani dattijo ya kira, daga jin muryarsa ba irin masu kiran shirin nan ba ne, ya girme su nesa. Ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi gida, sannan ya ce, "Ɗana, waƙar nan da yara ke yawan tambaya, ta mai tafiyar nan, ita za ka sa mini." Na ce to Baba, wa za a gaisar? Ya ɗan yi jim, sannan ya faɗi sunan mace, sunan yanka, ya ƙara da sunayen yara biyu. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na yi tambayar da nake yi wa kowa: "Daga ina suke saurarenmu, Baba?" Shiru ya yi tsawo har mai kula da na'ura ya ɗago kai yana dubana, ya zaci layin ne ya yanke. Sai dattijon ya ce, "Suna hanya." Ya kashe.

Na saka waƙar. Na ji ta ya fi sau ɗari kafin wannan dare, amma ban taɓa sauraren ta ba sai ranar. Da aka zo wurin da namijin ke tambayar ranar dawowa na sunkuyar da kai. Da aka zo kan ƙishirwa na cire abin kunne na ajiye a kan tebur. Ko harafi ɗaya bai canza a cikinta ba, fiyanon nan ne, muryar nan ce mai zaƙi da aka gyara da kwamfuta. Amma kalmar da jiya take nufin saurayi ya yi kwana biyu bai ga budurwarsa ba, yau tana nufin abin da ya kashe yara 52.

A makonnin da suka biyo baya irin wannan kira ya yi ta zuwa. Ba kullum ba, kuma ba da yawa ba, amma na koyi gane su. Mai irin kiran ba ya wasa, ba ya cewa a gai da abokan majalisa, suna kawai yake faɗi. Wani magidanci ne, wata tsohuwa ce da aka danna mata lamba, wata yarinya ce da ke neman a gai da innarta. A tsakaninsu kuma samari na ci gaba da neman waƙar don ƴan matansu kamar da, suna raha, don su a wurinsu ba abin da ya same ta.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa dattijo irin wannan, wanda na tabbata da can in ya ji waƙar faɗa zai yi a kashe, ya zo yana neman ta. Abin da na fahimta shi ne mutuwar nan ta zo ba da gawa ba. Ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da za a nuna wa yaro a ce nan uwarka take. Gidaje da yawa ba su ma da tabbas ko nasu na cikin motocin nan ko suna cikin wasu da suka wuce lafiya, don a can ba kowa ke da waya ba. Ka shimfiɗa tabarmar zaman makoki alhali wataƙila tana raye? Ka ƙi shimfiɗawa alhali wataƙila ta yi wata guda a ƙasa? Ga kuma abin da ya fi wannan ciwo, wato gori. A rediyo da majalisu ana ta tambaya, ina mazan suke, wane irin miji ne zai bar matarsa ta tafi bara da ƴaƴansa. Tambayar na da gaskiyarta, ni ma na yi ta a mikro. Amma mutumin da ake nunawa da yatsa ba shi da bakin cewa yana kewar matarsa. Balle a al'adarmu magidanci ba ya kama sunan uwargidansa a bainar jama'a, ba ya kuka a kanta a gaban mutane. Sai ya tarar da wata ƴar ƙofa a buɗe: shirin yara, waƙar yara, inda kowa ke kama sunan wadda yake so ba a ce masa don me ba. Ya shigo ta nan.

Wannan abu bai fara a kanmu ba, kuma tsofaffinmu sun san shi tun kafin a haife mu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙar da aka sani da "Mai Dubun Nasara" yana raye, yana kan ganiyar mulkinsa na Firimiyan Jihar Arewa. Waƙar yabo ce, ta kirari da nuna ƙarfi, an yi ta don mai ita ya ji ya yi kyauta, abokan hamayya su ji haushi. Da asubahin 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka kashe shi a gidansa na Kaduna tare da matarsa Hafsatu, a juyin mulkin da ya ci ran Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga ranar nan waƙar ta zama wani abu daban. Kakana, Allah Ya jiƙansa, yana kama Rediyon Kaduna kamar yadda kowa ke yi a wannan yanki na bakin iyaka, kuma in aka sako ta sai ya daina magana. Ina yaro na ɗauka waƙar ta'aziyya ce. Sai da na fara aiki na zauna na saurare ta da kyau na gane babu mutuwa a cikinta ko kaɗan, mutum ne ake wasawa yana tsaye da ƙafarsa. Baƙin cikin a kunnen kakana yake.

Ƴan zamaninmu kuma sun ga irinsa a finafinai. Balaraba Muhammad ta rasu a 2003 a haɗarin mota ana kan hanyar kai ta gidan miji. Ahmad S. Nuhu ya rasu ranar 1 ga Janairun 2007, shi ma a haɗarin mota. Duk wanda ya shiga gidan kallo a waɗannan shekaru ya ga yadda ake yin shiru in aka zo wurin rawa da waƙar da suke ciki, wurin da a da ake ihu ana tafi. Sai dai waɗannan mutuwa ce ta wanda ke cikin waƙar ko wanda aka yi wa ita. Tamu ta 2013 ta ɗan bambanta, don waƙar ba ta san matan Kance ba, su ne suka shigo cikinta.

Misalin da ya fi kama da namu, abin mamaki, a Faransa na gan shi, kuma ya shafi wata waƙa da na sani tun ina lise. Mushenmu na Faransanci ya taɓa rubuta mana baitocin "Quand on n'a que l'amour" ta Jacques Brel a allo don mu yi nazari, mu kuwa muna ta gyangyaɗi saboda zafin watan Afrilu. Brel ɗan Beljiyam ne, ya fitar da waƙar a 1956, ita ce ta fara ɗaga sunansa. Tana farawa kamar kowace waƙar masoya biyu, a hankali, sannan ta yi ta hawa har ta kai ga ajiye soyayya a gaban kayan yaƙi, a lokacin da Faransa ke tsakiyar yaƙin Aljeriya. Shekara da shekaru ana rera ta a bukukuwan aure da gasar mawaƙa. Brel ya mutu a 1978. Sai daren 13 ga Nuwamban 2015 aka kai hare-hare a Paris, aka kashe mutum 130, 90 daga cikinsu a gidan rawa na Bataclan. Ranar 27 ga watan aka yi taron girmama su a farfajiyar Invalides, gaban Shugaba François Hollande da iyalan mamatan, mata uku suka tashi suka rera waƙar nan: Nolwenn Leroy, Yael Naim da Camélia Jordana, wadda ita kanta jikar mutanen Aljeriya ce. Ba su canza baiti ko ɗaya ba. Wannan ya bambanta da abin da Elton John ya yi a jana'izar Gimbiya Diana a 1997, shi sake rubuta baitocin tsohuwar waƙarsa aka yi don su dace da ita. Ta Brel yadda take aka ɗauko ta, kuma ta zauna daram kamar don ranar aka yi ta.

Na kalli taron a talabijin, kuma gaskiya ba waƙar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne an karanta sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya, kowa da shekarunsa, ƙasa duka na saurare. An ɗauki mintoci masu yawa ana yi, ba wanda ya ce an ɓata lokaci. Na tuna namu. Mu lamba muka samu, 92, da rabe-rabenta, 52 da 33 da 7. Ban taɓa jin an tsaya a wani dandali a Yamai ko Damagaram ko nan Matamaye an kira su da sunayensu ba. Wurin da na ji ana kiran sunayen nan da baki shi ne shirin gaishe-gaishe na dare, tsakanin tallar maganin gargajiya da sanarwar ɗaurin aure, a kan waƙar da aka yi don samari. Ba ina cewa Turawa sun fi mu jin zafin mutuwa ba ne, wallahi ba su fi mu ba. Mamatansu dai ba wanda ya ji kunyar su, namu kuwa an haɗa musu mutuwa da abin kunya, kamar talauci laifi ne da suka aikata.

Bayan makoki hukuma ta yi abin da hukuma ke yi. An ce za a rufe gidajen da ake tara matafiya a Agadas. Kwanaki kaɗan da gano gawarwakin aka tare wasu mutum fiye da ɗari sun bar Arlit za su bi hanyar nan dai. A ƙarshen 2014 aka fara kwaso ƴan Nijar daga Aljeriya bisa yarjejeniyar gwamnatocin biyu, muka riƙa ganin manyan motoci na sauke mata da yara da ƙullin kaya. Ranar 26 ga Mayun 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda ta sa direbobi suka ƙara nisa da rijiyoyi da hanyoyin da aka sani don gudun kamu. A watan Yunin 2016 aka sake samun gawa 34 kusa da Asamaka, 20 yara ne. A watan Maris na 2022 jiragen sama suka kwaso ɗaruruwan mutanenmu daga titunan Dakar, da yawansu daga Kance da Magarya, aka yi ta surutu a Facebook wai sun zubar wa ƙasa da mutunci. A Nuwamban 2023 hukumomin soja suka soke dokar 2015 ɗin. Doka ta zo ta tafi, gonar nan dai ita ce, ta ma ƙara ƙanƙancewa, don waɗanda ke goye a 2013 yau sun isa neman nasu kason.

To me ya sa na cire waƙar? Wajen ƙarshen shekarar ne. Wani saurayi ya kira cikin nishaɗi, abokansa na dariya a bayansa, ya nemi a saka ta don wata da ta ƙi ɗaga masa waya, har yana cewa in gaya mata ƙishirwa za ta kashe shi. Ba shi da laifi, haka aka yi waƙar a yi da ita. Amma ni na san a wannan lokacin akwai gidajen da rediyo ke kunne a tsakar gida, kuma na san wa ke zaune kusa da shi. Na kasa haɗa mutum biyun nan a kan waƙa ɗaya. In na saka ta da raha na taka wani, in na saka ta da alhini na ɗora wa yaro abin da bai nema ba. Sai na ce masa faifan ya lalace, na saka masa wata. Washegari na rubuta abin da yaron nan ya gani.

Har yau ban tabbata na yi daidai ba, kuma wannan ne ya sa tambayar tasa ta dame ni. Wani abokin aikina ya ce mini tun a lokacin, kai ka rufe wa mutane ƙofa ɗaya tak da suke da ita. Na ce ai akwai addu'a, akwai sadaka. Ya ce akwai, kuma suna yi, amma a addu'a Allah kake gaya wa, a rediyo kuwa gari kake gaya wa cewa matar nan ta taɓa rayuwa kuma wani na son ta. Ban ba shi amsa ba. Dattijon nan ya sake kira sau biyu bayan daren farko, duka kafin in cire ta. Bayan nan ban ƙara jin muryarsa ba. Ko ya samu labari ne ya haƙura, ko ya kira wani ya ce masa babu, Allah kaɗai Ya sani.

Waƙar kanta yanzu ta tsufa, yayinta ya wuce, samarin yau wasu suke nema a TikTok. Lokaci-lokaci nakan ji ta a wayar wani mai shayi ko cikin motar kasuwa, kuma nakan duba fuskokin mutane in ga ko akwai wanda ya sunkuyar da kai. Wani lokaci akan samu.

A wancan zamani muna rubuta duk saƙon da ya shigo a cikin babban littafi, sunan mai gaisuwa, garinsu, da wanda ake gaisarwa. Bayan hirarmu da yaron na je na tono littafin ƙarshen 2013 a cikin kwali, gara ta ci gefensa amma ana karantawa. Na bi shafukan Nuwamba da Disamba, inda na san irin kiran nan ne na sa alama da jan biro. Sunayen da na samu ba su kai ashirin ba, kuma ba zan buga ko ɗaya ba sai da iznin masu su. In a gidanku akwai wanda ya bi motocin nan bai dawo ba, kuma kuna so a kira sunansa a rediyo ranar 30 ga Oktoba mai zuwa, ba kiɗa, suna da gari kawai sannan a yi fatiha, ku aiko mini ta akwatin saƙon wannan shafi ko ku same ni ranar kasuwar Matamaye. Wanda kuma ba ya so, ba wanda zai tambaye shi dalili.

Allah Ya jiƙansu, Ya sa ƙishirwar da suka sha ta zama kaffara, Ya shayar da su daga tafkin Alkausara.